Kafin Ka Ɗaure Jakar Tafiya Hutu



Duk wanda ya taɓa kwana a Samaru cikin watan Disamba ya san sanyin da nake nufi. Hazo ya rufe gari, leɓe ya tsattsage, ruwan alwalar asuba kamar an sa masa ƙanƙara, kuma a daidai wannan lokacin ne ake liƙa jadawalin jarrabawa a allon sanarwa na sashe. Laburaren Kashim Ibrahim, wanda a farkon zango za ka zaɓi kujerar da ranka ke so, yanzu sai ka yi sammako kafin ka samu wurin zama. Haka abin yake a Bayero, tsohuwar makaranta da sabuwa, haka a Sakkwato da Maiduguri, haka a kwalejojin ilimi da na fasaha. Garin kwakin da aka taho da shi daga gida ya kai gindin buhu, ƙuli-ƙuli saura burbuɗi, mai shayi ya buɗe wa kowa shafi a littafin bashi. Zuciya kuwa ta rabu biyu, rabi a kan takarda, rabi tuni ta isa gida tana shaƙar ƙamshin miyar kukar Inna.

Na san ba kullum ƙarshen zango ke faɗowa a hunturu ba. Tun da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aikin wajen wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, kalandar jami'o'in gwamnati ta hargitse, kowace makaranta ta kama nata lissafin. Wasu cikin azumi suke jarrabawa su isa gida da jajibirin sallah, wasu kuma ana gab da Kirsimeti suke rubuta takardar ƙarshe. Amma ko a wane wata abin ya zo, makonnin nan iri ɗaya ne: mako biyu ko uku na wahala, sai hanya, sai gida. A cikinsu ne ɗalibi ke yin lissafi da littafinsa, sannan ya je ya yi lissafi da waɗanda suka turo shi. Lissafi na biyu ne ya sa na ɗauki alƙalami, amma dole in bi ta kan na farko.

Akwai al'adar nan ta kwanan aji, a shiga bayan isha'i a fito da kiran assalatu, har ana alfahari da ita kamar wanda bai yi ba bai yi karatu ba. Na yi ta, kuma na ga abin da take haifarwa. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta ɗauka da rana. Wanda ya hana idonsa barci kwana uku a jere yakan shiga ɗakin jarrabawa ya ga tambayar da ya karanta jiya, ya san ya gan ta, har ya tuna gefen shafin da take, amma amsar ta ƙi zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka koyar cikin wata uku dare ɗaya ba zai ɗauke shi ba, kuma idan lokaci ya ƙure, gara ka zaɓi babuka huɗu ka san su ciki da bai da ka leƙa goma sha biyu ka fito ba ko ɗaya. Ka nemi tambayoyin shekarun baya ka amsa su a rubuce, da agogo a gabanka. Ku zauna ku uku ko huɗu, kowa ya bayyana wa sauran darasi da Hausa. Abin da ka kasa faɗa da harshen da aka yi maka raino da shi, ba ka gane shi ba tukuna, haddarsa kawai ka yi. Sannan ka kwanta.

Kofi da goro da sauƙi. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne abokin da zai miƙo maka ƙwaya ya ce tana kore barci tana buɗe kai. Tramadol maganin ciwo ne mai ƙarfi, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, idan ya yi yawa yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin tari mai kodin kuwa, ɓarnar da ya yi wa matasanmu ce ta sa gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Na san samari masu hankali da suka fara a makon jarrabawa da niyyar dare ɗaya kawai, har yau iyayensu na yawon asibiti da su.

Satar amsa ma haka. Faɗuwa a kwas tana da magani, ka sake shi baɗi. Amma a kama ka da 'yar takarda a safa, ko rubutu a tafin hannu, ko waya a ƙarƙashin hijabi, wannan sai gaban kwamiti, daga nan majalisar jami'a, daga nan takardar kora, shekara uku ta tafi a kan maki goma. Tun 1999 ma akwai dokar ƙasa da ta mai da maguɗin jarrabawa laifin da kotu ke hukuntawa. Ke kuma ƙanwata, idan wani, ko wane ne shi, ya nuna miki cewa makinki na hannunsa kuma yana da farashin da ba kuɗi ba, kada ki haɗiye maganar ke kaɗai. Ki adana saƙonninsa, ki gaya wa malamar da kika yarda da ita, ki gaya wa gida. Kunyar tasa ce.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, don na lura ɗalibai da yawa sai sun kai aji uku suke gane yadda sakamakon jimla, wato CGPA, ke aiki. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B ce mai maki 4, haka ake sauka har ƙasa da 40, wato F, wadda ba ta da komai. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, daraja ta biyu babba daga 3.50. To a ce ka ɗauki yunit 18 a zango, ka ci B a duka. Makinka 72, a raba da 18, ka tashi da 4.00. Idan kwas ɗaya tak mai yunit 3 ya zama F, makin ya koma 60, amma har yanzu da 18 za a raba, sai ka faɗo 3.33. Kwas guda ya fitar da kai daga wani aji na digiri zuwa na ƙasa da shi, kuma ko ka sake shi baɗi ka ci A, sifilin nan na farko yana nan cikin lissafi. Ga kuma kari-oba, wato kwas ɗin da za ka sake, da halinta na cin karo da wata lakca a jadawalin shekara mai zuwa. Wanda jimlarsa ta faɗi ƙasa da iyakar da makarantarsa ta sa, gargaɗi ake fara yi masa, idan ya maimaita a sallame shi. Digirin shekara huɗu kuma a yawancin wurare ba a yarda ya wuce shida. Duk wannan yana rubuce a littafin ƙa'idojin ɗalibai da aka ba ku ranar rantsuwa, wanda da yawanku ba su sake buɗewa ba.

Don haka kafin ka ɗaure jaka, ka je ofishin malamin da ke kula da ajinku ka ga matsayinka da idonka. Idan akwai sakamakon da bai fito ba, ka rubuta takardar koke yanzu, ka riƙe kwafi. Neman makin da ya ɓace bayan shekara biyu, lokacin da malamin ya tafi ƙaro karatu, wahala ce da ba na yi wa kowa fata. Takardar rajistar kwasa-kwasai, katin jarrabawa, rasiɗin kuɗin makaranta, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a wuri biyu. Ka biya mai shayi da mai wanki. Idan ba hali, ka je ka same su ka faɗi ranar da za ka biya, kada ka sulale da asuba. Su ma da wannan 'yan kuɗin za su yi hidimar gidajensu.

Sai hanya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama, kuɗin mota ya bi ta. Ka ware kuɗin motarka tun ranar da aka fara jarrabawa, ka manta da su. Ranar tafiya ka shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja, ko da ta gefen titi a Kwangila ta fi araha da ɗari biyar. Ka yi sammako. Ƙarshen shekara direbobi na rige-rigen sawu, hazo na rage gani, shi ya sa jami'an kiyaye haɗurra ke tsananta gangami a watanni huɗun ƙarshe. Wanda hanyarsa ta bi ta Birnin Gwari ko tsakanin Funtuwa da Gusau ba ya bukatar in gaya masa dalilin da ya sa ba a tafiyar dare. Idan an gama takarda da la'asar, ka kwana. Ka sanar da gida motar da ka shiga, ka bar caji a wayarka.

Kuma ka waiwaya kafin ka fita daga hostal. Akwai wanda ba zai tafi ba. Wataƙila ɗan Takum ne ko Mubi, ko daga can kudu, kuɗin zuwa da dawowa ya fi ƙarfin gidansu, zai yi Kirsimeti ko sallah shi kaɗai a ɗakin da babu kowa, masu abinci duk sun rufe. Ba zai gaya maka ba. Idan gidanku kusa ne, ka nemi izinin Baba ka tafi da shi, ko na kwana uku ne. Idan hakan bai yiwu ba, ragowar shinkafa da man da za ka bari su lalace, ka miƙa masa cikin mutunci. Zumuncin da na fi amfana da shi a yau, irin wannan ranar aka ƙulla shi.

To, ka iso gida. A nan ne mutanen unguwa ke duba abin da boko ya yi maka, kuma ba takarda suke dubawa ba. Suna kallon ko har yanzu kana durƙusawa ka gai da manya, ko ka je ka gai da Gwaggo da Kawu ba sai an aiko ba, ko ka yi wa gidan da aka yi rasuwa ba ka nan ta'aziyya. Suna sauraron bakinka, ko Hausarka ta koma rabi Turanci a gaban tsohuwar da ba ta ji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗalibin da zai dawo bayan wata huɗu ya shige ɗaki da waya, yana hira da mutanen da ya rabu da su jiya, uwar da ta ƙirga kwanakin dawowarsa tana tsakar gida ita kaɗai. Ka fito ka zauna kusa da murhu. Ka tambaye ta ciwon ƙafar nan, ka duba maganin da take sha, ka karanta mata abin da aka rubuta a kwalin. Ƙannenka da za su yi rajistar JAMB a farkon shekara, da masu jiran WAEC da NECO, ba su da malamin da ya fi ka. Awa ɗaya bayan la'asar a kan lissafi da Turanci tana iya canza wa yaro rayuwa.

Abokinka na firamare da bai ci gaba ba, wanda yanzu yake kanikanci ko ɗinki ko gyaran waya, kada ka dube shi a raine. Shi yana ciyar da gida, kai har yanzu ana ciyar da kai. Ka je rumfarsa ka zauna, ka ce ya nuna maka. Mun ga masu digiri da yawa da suka gama bautar ƙasa suka dawo suna neman wanda zai koya musu abin da za su iya koya kyauta a hutun aji ɗaya.

Ƙanwata, na san naki hutun ya fi nauyi. Bayan kaka lokacin bukukuwa ne, ga anko, ga gudunmawa, ga gwaggwannin da kowace ta gan ki sai ta ce, "To, ke sai yaushe?" Ki amsa da ladabi, ki ce a taya ki da addu'a. Yawancinsu ƙauna ce ke sa su tambaya. Amma kada surutun biki ya sa ki amsa wa wanda ba ki natsu da shi ba, kuma duk wanda ya zo da gaske, a yi maganar karatunki a fili gaban manya tun kafin a sa rana. Kuɗin rajista kuwa ba na anko ba ne, ko ƙawar ta kai ƙawa.

Na ambaci kaka, kuma nan ne zancen ya nufa tun farko. Wanda ya tashi a gidan noma ya san hatsi bai taɓa araha kamar lokacin da kowa ya gama sussuka ba. A Dawanau ko Giwa ko Dandume, manyan 'yan kasuwa a wannan lokacin suke saye su tara, su jira damina ta yi nisa rumbuna su yi ƙasa, farashi ya hau. Manomi ya fi kowa sanin haka. Duk da haka yakan fitar da buhunansa a mafi arhar lokaci, saboda makaranta ba ta jiran farashi. Wanda ubansa ma'aikaci ne ko ɗan fansho, ko uwarsa ce ke adashi da kuɗin ƙosai, labarin ɗaya ne da wasu kaya. Ko wanda ya samu rancen karatu na NELFUND, da aka fara karɓar buƙatunsa a watan Mayu na 2024, ya tuna sunansa rance: za a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, kuma ya kamata gida su san an ci shi. Kuɗin da ke kai ka makaranta guminsu ne. Mai gumi kuwa yana da haƙƙin ya san abin da guminsa ya haifar.

Ina aji biyu na faɗi wani kwas mai yunit uku. Ba wanda ya zalunce ni. Lakcocinsa na safe ne, na riƙa tsallakewa, na dogara da kwanan aji. Sakamakon ya fito ana saura kwanaki mu tafi hutu. Daren da na isa gida, bayan isha'i, Baba ya kira ni zaure ya ce, "Ya karatun?" Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, lafiya lau." Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Bai yi boko ba, ko na nuna masa takardar ba zai gane ba, kuma da wannan na fake. Ranar kasuwa ni na taya shi ɗora buhunan dawa a amalanke. Ina tsaye ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya naɗe a leda, ya miƙo mini, ya ce in riƙe da kyau.

Na ce a raina zan gyara kafin kowa ya sani. Shekara ta zagayo kwas ɗin ya ci karo da wani, na kasa ba kowannensu haƙƙinsa, ƙarya ɗaya ta haifi ta biyu. Duk hutu sai ya yi tambayar nan, duk hutu sai in ba shi amsar nan, har na fara ƙin zaman zaure. A ƙarshe abokan karatuna suka tafi bautar ƙasa, ni ina da sauran zango, babu kuma inda zan ɓuya. Ranar da na gaya masa ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Faɗuwar ba ta dame ni ba, ko gona takan ƙi. Abin da ya dame ni, shekara biyu ina tashi cikin dare ina yi maka addu'a, ashe ban san abin da zan roƙa maka ba." Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Na gama digirin, na yi aiki, na yi masa abin da Allah ya hore mini, amma shekara biyun nan ban samu hanyar mayar masa da su ba.

Nawa ma da sauƙi. Akwai waɗanda aka sallama tun aji biyu, suka kama ɗaki a bayan makaranta, duk zango su karɓi kuɗin rajista su tafi, duk hutu su dawo da jaka. Ba mugaye ba ne. Tsoro ne ya hana su magana a ranar farko, kullum kuma maganar ƙara nauyi take, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Da sun faɗa da wuri, da an nemi canjin sashe, ko wata makarantar, ko an sake JAMB, ko an kama sana'a da kuɗin da aka yi ta zubawa a rami. Iyaye sukan yi faɗa, wasu su yi kwana biyu ba su amsa gaisuwa ba. Ban taɓa ganin wanda ya yi nadamar faɗin gaskiya da wuri ba.

Idan kana jin ba za ka iya fuskantar Baba kai tsaye ba, ka fara da Inna, ko Kawun da yake jin maganarsa, ko yayanka. Ka zaɓi lokacin da babu baƙi, babu ƙanne a kusa. Kada ka ɗora wa malami laifin da ka san naka ne. Ka zo da bayani a hannu: ga kwas ɗin da na faɗi, ga dalili, ga abin da malamin ajinmu ya ce in yi, ga lokacin da zai ƙaru idan zai ƙaru. Idan kuma sakamakonka mai kyau ne, shi ma ka zauna ka bayyana musu, ka nuna musu mene ne 4.00 da abin da take nufi. Sun daɗe suna biya ba su taɓa ganin rasiɗin da ya fi wannan ba.

Ƙanena, ƙanwata, idan akwai abin da kuka ɓoye, a hutun nan za ku faɗa. Kada ku bari sai daren komawa, bayan an riga an kai buhu kasuwa. A daren farko ko na biyu, idan an idar da isha'i, ka bi shi zaure, ka zauna a ƙasa, ka ce, "Baba, akwai maganar da nake so in gaya maka."